Bencin Baya

Duk shekara kwaleji tana turo mana ɗalibai su koyi koyarwa na 'yan makonni, kuma duk shekara sai an sami wanda zai ce mini aikin firamare ba wuya. Bana wata yarinya ce mai suna Godiya ta faɗa, tana zaune a ofis tana danna waya. Ta ce, "Baba Ishaya, ai ɗaya da ɗaya biyu ne kawai, ko barci nake yi zan koyar." Ban yi mata musu ba. Na ce zan rubuta musu abin da na sani, tunda saura mini 'yan watanni in ajiye alli. In da baki zan faɗa, na san halina, zan yi ta kare kaina. Karatuna ba mai zurfi ba ne. Takardar malanta ta Giredi Tu nake da ita, sai wata da na ƙaro daga baya ina zuwa karatu lokacin hutu. Abin da zan iya ba ku shi ne yadda ake yin aikin, da yadda ni na ɓata shi.

Aikin farko da aka ba ni a makarantarmu ta Kachalla Sembe shi ne baƙanta allo. Na zo da takalmi mai sheƙi da biro biyu a aljihu, hedimasta ya haɗa ni da wata malama da ta daɗe tana riƙe ƙananan azuzuwa, Mama Rifkatu. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ɗana, naɗe hannun rigarka." Ranar Juma'a ce, an tashi yara. Ta sa na daka gawayi ya yi laushi, na haɗa da baƙin garin da ke cikin tsohon batirin tocila, na kirɓa da ganyen dankali don ya kama. Da tsumma ake shafawa, daga sama zuwa ƙasa, hannu ɗaya, ba a komawa kan inda aka wuce sai ya bushe. In ka yi shi daidai, ranar Litinin za ka tarar da allo baƙi wuluk, alli ya hau shi fes. In ka yi ha'inci ka cika ruwa, zai yi zane-zane, kuma duk wanda ya jingina da shi ya tafi gida da aikin wanki. Allonmu siminti ne aka shafe a jikin bango, shi ya sa yake saurin koɗewa. Mama tana baƙanta nata duk mako biyu.

Sauran kayan aikin ba su da yawa. Alli ana karya shi biyu kafin a fara rubutu, domin dogo yana ƙara kuma yana karyewa inda ba ka so. Da damina yakan sha sanyi ya ƙi rubutu, sai a jera shi a bakin taga ya sha rana. Dasta tsumma ne ake cusawa cikin ɗan buhu a ɗinke, ana kaɗe shi a waje, ba a kan yara ba. Akwai jan biro na duba aiki, akwai rajista ta kiran suna, akwai littafin tsara darasi da hedimasta ke sa wa hannu duk Litinin. Ƙararrawarmu tsohon rim ɗin mota ne a rataye a bishiyar mangwaro. Sai bulala. Mama tana da ita a kan tebur, amma nuna haruffa take yi da ita. Tawa kuwa ta yi aikin da aka san ta da shi, fiye da yadda ya kamata.

Masu kawo mana aiki su ne iyaye, kuma kowa da abin da ya zo nema. Manomin doya zai kawo ɗansa ya ce, "Malam, ga shi nan, nama naka ƙashi nawa," ya tafi, ba za ka sake ganinsa ba sai ƙarshen shekara. Ɗan kasuwar da kakanninsa suka zo daga Kano tambayarsa ɗaya ce, ko yaro ya iya lissafi. Ma'aikaciyar ofis za ta buɗe littafi shafi-shafi ta tambaye ka dalilin da ba ka duba aikin Laraba ba. A aji ɗaya za ka sami mai jin Mumuyanci, mai jin Fulatanci, mai jin Jukunanci, Hausa ce ke haɗa su a filin wasa, kai kuma an ce ka koyar da Turanci. Abu ɗaya ne duk iyayen suka yi tarayya a kai. In malam ya ce yaro ya iya, sun yarda. In ya ce bai iya ba, sun yarda. Yawancinsu ba su da yadda za su bincika.

Mama Rifkatu tana da wata ɗabi'a da nake yi wa dariya a ɓoye. In ta gama rubutu a allo, sai ta taka har ƙarshen aji ta zauna a bencin baya ta karanta abin da ta rubuta. Ta sa ni yin haka tun makon farko. Na je na tsaya a baya na ce ina gani. Ta ce, "Zauna. Yaro a tsaye yake karatu?" Na zauna, gwiwoyina har ƙirji, sai na ga kan na gaba ya rufe layin ƙasa, hasken taga kuma ya cinye gefen dama. Ta ce, "To, ka ga allon da suke gani. Wancan da kake gani a gaba naka ne kai kaɗai." Da safe kuma, kafin a buga ƙararrawa, a wannan bencin take zama da rajista a cinya. Tana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, bakinta na motsi, tana miƙa su ga Ubangiji. Ba ta tsallake ɗan Musulmi, ba ta tsallake ɗan Kirista, ba ta tsallake wanda ubansa ke bin gargajiya. Shekara biyu na yi a ƙarƙashinta. Da aka ba ni aji huɗu ni kaɗai, na ci gaba da zama a baya na wani lokaci, sannan na koma leƙawa a tsaye, sannan na daina.

Dalilin da na daina shi ne na fara ganin na iya. Rubutuna yana da kyau, muryata tana kaiwa ƙarshen fili. Da safe in an raba yara, Musulmi su bi malaminsu, Kirista su taru ƙarƙashin mangwaro, ni nake yi musu addu'a, kuma nakan ja ta da tsawo don malamai su ji. A ikilisiya, wato cocinmu, an zaɓe ni dattijo tun gemuna bai yi fari ba. Na kuma ƙirƙiro tsarina na zama. Bayan kowace jarrabawa, na ɗaya ya zauna gaba kusa da tebur, na biyu a gefensa, haka har na ƙarshe ya tsinci kansa a jikin bangon baya. Na ce hakan zai sa su yi gasa. In sufeto ya zo, ya yi tambaya, hannuwan gaba su tashi, ya rubuta mini yabo ya tafi. Har aka fara maganar za a ba ni mataimakin hedimasta.

Sai shekarar da iskar farkon damina ta kwashe rufin azuzuwa biyu. Aka haɗa aji huɗu na ɗaya da na biyu a ɗaki guda, malamin ɗayan aka yi masa canjin wuri, ba a kawo wani ba. Yara suka cika ɗakin har ba hanyar wucewa tsakanin bencuna. Tagogin baya an toshe su da kwano saboda ɓarayi. A shekarar ne Mama Rifkatu ta yi ritaya. A shekarar ne kuma matata ta kwanta ciwo, muna ta zirga-zirgar asibiti, ga gonar masara a bayan gari ba mai kula da ita sai ni. Ina faɗin waɗannan ne don ku san yadda abin ya kasance. Akwai malaman da suka sha abin da ya fi wannan ba su yi abin da na yi ba.

Ga yadda nake aiki a shekarar. In shigo da safe in yi addu'a a fili, in kira suna a gurguje, in cika allo da rubutu. Nakan ƙanƙanta rubutun don ya ɗauki aikin da zai riƙe su har tara da rabi, gefe ɗaya bayani, ɗaya gefen lissafi goma. In naɗa monita ya rubuta sunan masu surutu, in hau keke in tafi gona ko asibiti. In na dawo sai in zane waɗanda aka rubuta, in tara littattafai. Duba lissafi kuwa, amsoshi goma nake rubutawa a 'yar takarda in ajiye a gefe. In amsar yaro ta yi daidai da tawa in ba shi, in ba ta yi ba in ja masa kuros. Ba na kallon yadda ya bi ya kai ga amsar. Allo kuma, tun daga farkon shekara har ƙarshenta ban baƙanta shi ko sau ɗaya ba.

A cikin yaran akwai Dija, 'yar Malam Hammadu mai sayar da awaki a babbar kasuwa. Siririya ce, ba ta da magana. Jarrabawar farko ta same ta tana fama da zazzaɓi, ta faɗi, tsarina ya kai ta tsakiyar aji. A ta biyu ta ƙara yin ƙasa. Kafin zango na biyu ya ƙare tana bencin baya, kusa da tagar da aka toshe, tare da wani yaro Istifanus. Kullum sunanta na cikin takardar monita, laifinta leƙen littafin Istifanus. Na zane ta a kan haka sau da yawa. Nakan ce, "Ga allo a gabanki, me kike nema a littafin wani?" Sai ta miƙa hannu ta karɓi bulalarta ta koma.

Ƙarshen shekara Malam Hammadu ya zo karɓar katin sakamako da kansa. Ba ya karanta boko, sai ya miƙo mini ya ce in karanta masa abin da na rubuta a ƙasa da jan biro. Hausarsa irin ta Fulanin nan ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Na fassara masa abin da na rubuta, cewa kanta ba ya ɗauka, zamanta a aji ɓata lokaci ne.

Ya ce, "Malam, ka duba shi da kyau?"

Na ce, "Shekara guda tana gabana."

Ya ce, "'Yan uwana duka sun ce kada in sa Dija boko. Ni na ce a'a, yana da wayo, tun yana ƙarami shi ke ƙirga mini awaki. Amma kai ka fi ni sani. An ce mini kai mutumin coci ne, ba ka ƙarya." Ya ninke katin ya sa a aljihu ya ce, "Useko, Malam," wato na gode. Da aka dawo hutu Dija ba ta dawo ba. Na ja layi a kan sunanta a rajista, ban tambayi kowa ba.

Zango guda ya wuce. Wata Lahadi bayan sujada Mama Rifkatu ta tare ni a ƙofar coci, ta tambayi jikin matata, sannan ta ce, "Ishaya, ranar Alhamis na ga Dijata a kasuwa da ƙwaryar nono a kai, da rana tsaka. Makarantar taku ta koma kasuwa ne?" Na gaya mata yarinyar ba ta ja, uban ya cire ta. Ta ce, "Dija? Wadda ta haddace jadawalin sau tun a aji uku?" Na ce yara sukan canza. Ta ce, "Littattafanta suna nan?" Na ce suna cikin kabad, ba wanda ya zo karɓa. Ta ce za ta zo gobe.

Ta zo bayan an tashi, da sandarta. Na ciro mata littafin lissafin Dija, shafi bayan shafi duk jan kuros. Ta sa tabaranta ta ɗauki fensir. Ta daɗe a kan shafi ɗaya, ta juya, ta sake juyawa. Sannan ta ce in kawo littafin tsara darasina, ta jera su gefe da gefe.

Ta ce, "Karanta mini tambayarka ta huɗu."

Na ce, "Talatin da shida sau bakwai."

Ta ce, "Karanta tata."

Na duba. Dija ta rubuta tamanin da shida sau ɗaya. A ƙasa ta ba da amsa, tamanin da shida.

Mama ta ce, "Daidai ne ko ba daidai ba?"

Na ce amsar ba ita ba ce. Ta ce, "Ban tambaye ka amsarka ba. Tambayar da ta rubuta, ta amsa ta daidai ko ba ta amsa ba?" Muka bi shafin gaba ɗaya. Inda na sa uku ta ga takwas, inda na sa bakwai ta ga ɗaya, inda na sa biyar ta ga shida. Amma duk tambayar da ta kwafa, ta warware ta tsaf, har da aro da ajiya, ba kuskure ko ɗaya. Wuraren da tambayarta ta yi daidai da tawa kuwa, ranakun da ta samu ta leƙa littafin Istifanus ne kafin monita ya gan ta.

Mama ta rufe littafin ta ce, "A ina take zama?" Na nuna mata. Ta ce, "Je ka zauna." Rubutun safe yana nan a allo ban goge ba. Na bi ta kan bencuna na isa baya na zauna a wurin Dija. Allon ya koɗe ya yi fari-fari kamar toka, allin ma fari, ɗakin ba haske. Ni da idona lafiya lau, ni da na yi rubutun da hannuna, sai da na runtse ido kafin in raba uku da takwas. Layuka biyu na ƙasa ban gan su ba sam.

Mama ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauki sandarta ta ce, "Yarinyar ba ta gani daga nesa. Na lura tun tana wurina, shi ya sa ban taɓa ɗaga ta daga gaba ba. Laifina ne da ban gaya maka ba. Sauran kuma naka ne." A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Lahadi mai zuwa Jibin Ubangiji ne, ko? Kai ne mai raba gurasa."

A ikilisiyarmu akan sanar mako guda kafin Jibi, wato ranar da ake raba gurasa don tunawa da mutuwar Yesu, cewa duk wanda ya san ya cuci wani ya je ya gyara tukuna. Ni kaina na sha yin wannan sanarwar, ina kallon jama'a ina tunanin wa ya kamata ya ji. A makon nan na je wurin fasto na ce a nemi wani dattijo ya raba, ni ba zan ci ba. Ya tambayi dalili na gaya masa. Ya ce, "Ka roƙi gafarar Allah?" Na ce na roƙa. Ya ce, "To saura ta yarinyar da ubanta. Wannan ba ni zan yi maka ba."

Ranar Asabar na sami Malam Hammadu a layin awaki, yana ciniki da wata mata. Na jira ta tafi. Muka gaisa, ya ba ni kujera, na ƙi zama. Na ce masa abin da na rubuta a katin Dija ƙarya ne, yarinyar tana da kai, idonta ne ba ya gani daga nesa, ni kuma na kai ta baya na yi ta dukanta. Masu awaki na kusa suka matso suna saurare.

Ya ce, "Ranan ka ce ka duba shi da kyau."

Na ce, "Ban duba ba."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro katin. Ashe yana yawo da shi. Ya ce, "Wannan yana da hatimi, yana da hannun hedimasta. Na nuna wa yayyena, na ce kun yi gaskiya, na ba su haƙuri. Yau kuma ka zo da baki kawai. Wanne zan ɗauka, bakinka ko takardarka?" Wani dattijo a gefe ya ce, "Hammadu, malaman boko ɗalibai suke nema, in yara sun ragu ana rage su." Aka yi dariya. Malam Hammadu bai yi ba. Ya ce, "Dija yana taimakon uwarsa yanzu. Ka bar mu haka, Malam."

Na gane in ba takarda ba, ba abin da zai goge takarda. Na kwashe littattafan Dija na shekara guda na sake dubawa, wannan karon a kan tambayoyin da ta rubuta. Kwana huɗu ina yi bayan an tashi. Sannan na kai wa hedimasta, na ce ina so a ba ta sabon kati. Ya ce sabon kati sai da dalili a rubuce, dalilin kuma zai shiga fayil ɗina. Ya rufe ƙofar ofis ya ce, "Ishaya, kana da hankali kuwa? Sunanka yana ofishin ilimi ana dubawa. In ka rubuta cewa kana barin aji kana tafiya gona, ni ma sai an tambaye ni ina nake. Yarinya ɗaya ce. Ka ce an yi kuskuren haɗa maki." Na ce ba kuskuren haɗa maki ba ne. Ya ce in je in yi tunani. Na fita, kuma gaskiya ita ce na yi kwana biyu ina neman yadda zan rubuta abin ya zama rabin gaskiya. Na rubuta sau uku ina yagawa. A rana ta uku na zo da sassafe na zauna a bencin Dija, ba don tsarki ba, don nan ne ba mai ganina ta taga. Ban iya doguwar addu'ar da na saba ba. Abin da ya fito kawai shi ne, Ubangiji Yesu, ka san abin da na yi, ka ba ni ƙarfi in rubuta shi yadda yake. A kan wannan bencin na rubuta, shafi ɗaya, na kai. Aka ba ni takardar gargaɗi. Maganar mataimakin hedimasta ta mutu daga nan, ba ta sake tashi ba har yau.

Ranar Juma'a na daka gawayi na baƙanta allo, na ɓamɓare kwanon taga ɗaya. Na koma kasuwa da sabon kati mai hatimi. Na roƙi Malam Hammadu abu ɗaya, ya kawo Dija ranar Asabar, ba kowa a makaranta, ya gani da idonsa, in bai gamsu ba ba zan sake damunsa ba. Ya juya katin gaba da baya ya ce, "Takarda biyu, malam ɗaya." Amma ya zo.

Dija ta shigo tana bayan ubanta, ba ta kalle ni ba. Na zana awaki a allo, ƙanana, daidai girman rubutuna na bara, na sa ta zauna a tsohon wurinta. Na ce wa uban shi ya tambaye ta, don ni tana tsorona. Ya ce da ita cikin Fulatanci ta ƙirga. Ta runtse ido, ta miƙa wuya, ta ce biyar ko shida. Shi da ke tsaye kusa da ita yana ganin tara. Na ce ta dawo bencin gaba. Ta ce, "Tara. Biyu suna da ƙaho, ɗaya ba ka yi masa wutsiya ba." Na rubuta lissafi biyar manya-manya, ta yi su kafin in gama kaɗe hannuna.

Malam Hammadu ya zauna a kan benci. Ya ce, "Innata ma haka yake. Ba ya gane saniyarsa sai ta zo kusa. Mun ɗauka tsufa ne." Ya juya wurin 'yarsa ya ce, "Don me ba ka faɗa ba?" Ta ce, da ƙaramar murya, ta ɗauka kowa haka yake gani. Na durƙusa a gabanta na ce, "Dija, na dake ki a kan laifina. Ki yafe mini." Ta kalli ubanta. Ya ce, "Tashi, Malam, babba ba ya durƙusa wa yaro." Ita ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban matsa mata ba.

Ta dawo ranar Litinin, ta maimaita aji huɗu, 'yan ajinsu na da suna gaba da ita da shekara guda. Uban ya kai ta aka auna idon aka ba ta tabarau. Yara suka yi ta tsokanarta da Hajiya Likita har suka gaji. Na rushe tsarin zama bisa maki, na koma jera su bisa tsawo da ƙarfin ido da na kunne, kuma duk wata nakan juya su. Sai a Jibin da ya biyo baya na ci gurasa.

Kada ku ɗauka komai ya gyaru. Mutum bakwai ne a bencin baya a shekarar nan, Dija kaɗai na dawo da ita. Istifanus ya bar makaranta a aji biyar, na ji yana tuƙa keke mai ƙafa uku a wajen Abbare, ban sani ba ko ya iya karatu. Sauran ban san inda suke ba. Ban taɓa buɗe littattafansu na duba yadda Mama ta duba na Dija ba, domin kafin in yi tunanin haka gara ta cinye kabad ɗin. Tun daga lokacin nake zuwa da wuri in zauna a baya da rajista, in bi sunayen ajina ɗaya-ɗaya, in ƙara da waɗancan shida. Akwai safiyar da ba na jin komai, baki ne kawai ke motsi. Amma mutum ba ya iya kiran sunan yaro a gaban Allah da ƙarfe bakwai, sannan ya kasa kallon fuskarsa da ƙarfe takwas. Ƙarfin da na yi sauran shekarun aikina da shi daga nan yake zuwa, ba ni da wani. Mama Rifkatu ta rasu shekaru kaɗan bayan haka. Da na gaya mata na koma ɗabi'arta, cewa ta yi, "Gwiwa za ta dame ka, ka riƙa zama a gefen benci."

Dija ta gama firamare ta yi sakandare. Yanzu tana da shagon ɗinki a bayan kasuwa, da yara masu koyo uku. Bara ta zo makaranta da ɗanta, an sa shi a ajina. Ta gaishe ni cikin ladabi, "Malam, ina wuni, ya ƙarfin jiki." Na ce ta zauna a kujerata, ta ce a'a. Ta wuce tsakanin bencuna har ƙarshen aji, ta tattara zanenta ta zauna a bencin baya, yara suna kallonta. Ta cire tabaranta ta goge da bakin gyale ta mayar. Ta karanta allon daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Malam, layin ƙarshe ya yi ƙanƙanta."

Na ɗauki dasta na goge na sake rubutawa. Ta ce, "Yawwa." Sannan ta tashi ta kama hannun yaron ta sa a nawa, ta tafi shago.

Godiya, ke da 'yan uwanki, ranar Juma'a in an tashi yara ku same ni a aji huɗu. Allonmu har yanzu na siminti ne. Kowa ya zo da tsohuwar riga, gawayi da ganyen dankali ni zan kawo.